Gangar sifa da bitar insha'i a darasin Turanci na ƙananan sakandaren Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gangar sifa wani yanki ne na jumla mai ɗauke da aikatau nata, wadda take zuwa bayan suna domin ta fayyace shi ko ta ƙara bayani a kansa, kamar yadda sifa take yi. A littattafan Turanci ana kiranta "adjective clause" ko "relative clause". A nahawun Hausa kuwa tana cikin abin da ake kira ganga dogarau, wato gangar da ba ta iya tsayuwa da ƙafarta sai ta jingina da wata. A jumlar "yaron da ya ci jarrabawa ya tafi Funtuwa", kalmomin "da ya ci jarrabawa" su ne gangar sifa, domin su ne suka nuna yaron da ake nufi.

Bitar insha'i ita ce komawar ɗalibi kan rubutunsa na farko, ya ƙara, ya rage, ya sauya wa jumloli wuri, kafin ya fitar da rubutu na biyu. Ana yawan haɗa batutuwan nan biyu a darasin Turanci na ƙaramar sakandare, saboda gangar sifa tana daga cikin kayan aikin farko da ɗalibi yake samu na ɗinke gajerun jumloli su zama zance. Wannan maƙala ta dubi batun ne a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina, inda Hausa ce harshen gida da kasuwa ga mafi yawan ɗalibai, Turanci kuwa sai a aji suke haɗuwa da shi.

Yankin da tsarin karatu

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Su ukun mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma suna shiyyar Funtuwa. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in mutanen yankin.

Koyar da Turanci yana da tsohon tarihi a ƙasar Katsina. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yi suna wajen horar da ɗalibanta lafazin Turanci, kuma a cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Amma wannan makaranta ce ta zaɓaɓɓun yara kaɗan. Karatun kowa da kowa ya zo ne daga baya. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC ce take tsara manhajar, kuma darasin Turanci a cikinta ya ƙunshi saurare da magana, karatu da fahimta, nahawu, rubutu da adabi. A ƙarshen aji uku ɗalibai suna zana jarrabawar BECE.

Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da yara da harshen uwa a shekaru ukun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara shida, sai kuma a Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke tsarin. Ko wace manufa aka bi a takarda, yaron da ya shigo aji ɗaya na sakandare a Sabuwa ko Yankara da Hausa yake tunani, kuma da ita yake gina jumlar da zai juya zuwa Turanci.

Yadda gangar take a Turanci

Gangar sifa a Turanci tana farawa da ɗaya daga cikin kalmomin "who", "whom", "whose", "which" da "that", wani lokaci kuma da "where" ko "when". Ana amfani da "who" ga mutum, "which" ga dabba ko abu, "that" ga kowanne a wasu wurare. "Whose" tana nuna mallaka. "Whom" ta mutum ce idan shi ne karɓau, kuma ta fi yawa a rubutun hukuma da takardun jarrabawa, a baki kuwa ta yi ƙaranci har a Ingila da Amurka.

Idan sunan da ake bayani a kai karɓau ne a cikin gangar, Turanci yana yarda a jefar da kalmar gaba ɗaya. "The book that I bought" da "the book I bought" duk daidai ne.

Kwatanci da Hausa

Ɗalibi Bahaushe bai zo aji hannu rabbana ba. Tun kafin ya shiga firamare yana gina gangar sifa ba tare da kuskure ba, kuma ginin Hausa ya ma fi na Turanci sarƙaƙiya ta wasu fuskoki. Idan aka ce "yara sun zo", da zarar an mayar da ita ganga sai ta koma "yaran da suka zo". "Yana karatu" ta koma "wanda yake karatu". "Na sayi littafi" ta koma "littafin da na saya". Sunan ya ɗauki -n ko -r, lamirin lokaci ya sauya, wani lokaci har ƙarshen aikatau ya sauya, kuma yaro ɗan shekara shida yana yin duk wannan ba tare da an koya masa ba. Littattafan nahawun Hausa na M. K. M. Galadanci (1976), Paul Newman (2000) da Philip Jaggar (2001) duk sun yi bayanin wannan gini. Turanci ba ya sauya aikatau a irin wannan wuri, kuma kamar Hausa yana ajiye gangar bayan suna, saboda haka tsarin kalmomin ba baƙo ba ne.

Wahalar tana wuraren da harsunan biyu suka raba hanya.

Na farko shi ne zaɓen kalma. Kalmar "da" ta Hausa tana yi wa mutum da dabba da abu da wuri da lokaci aiki: mutumin da, akuyar da, garin da, ranar da. Inda Hausa take bambancewa, da "wanda", "wadda" da "waɗanda", jinsi da adadi take dubawa. Turanci ba ruwansa da jinsi ko adadi a nan, abin da yake tambaya shi ne mutum ne ko ba mutum ba ne. Shi ya sa ɗalibi kan zaɓi kalma ɗaya, yawanci "that" ko "which", ya ɗora mata duk aikin "da", har ya rubuta "the teacher which taught us". Wani kuma ya ɗauka "who" ita ce "wanda", "which" ita ce "wadda", ya raba su tsakanin namiji da mace.

Na biyu, kuma shi ne mafi naci, shi ne wakilin sunan da Hausa take bari a baya. Bahaushe yana cewa "wuƙar da na yanka nama da ita", "yaron da na ba shi kuɗi", "gidan da muke zaune a cikinsa". Idan aka cire "ita" daga jumlar farko, ta lalace. A Turanci kuwa barin wakilin sunan ne kuskure. Ɗalibin da ya rubuta "the knife that I cut the meat with it" ko "the boy that I gave him money" ya bi ƙa'idar harshensa ne sau da ƙafa. Malamin da ya ja jan biro a ƙarƙashin "it" bai ce komai ba, ya gyara jumla ɗaya kawai. Wanda ya rubuta jumlar Hausa da ta Turanci a allo, ɗaya a saman ɗaya, ya sa ɗalibai su nemo kalmar da ba ta da abokiya a ƙasa, ya ba su abin da za su riƙa bincika rubutunsu da shi.

Na uku shi ne mallaka. Hausa tana cewa "mutumin da ɗansa ya tafi Kano", sai ɗalibi ya fassara "the man that his son went to Kano". Daidaitaccen Turanci yana buƙatar "the man whose son went to Kano", inda kalma ɗaya ta haɗiye "da" da "-nsa" a lokaci guda. Wannan gini na "that his" ya yaɗu a Turancin baka na Najeriya, ba a bakin Hausawa kaɗai ba, don haka ɗalibi yana jin sa daga manya masu ilimi. Masu duba takardar jarrabawa dai kuskure suke ƙirga shi.

Akwai kuma ƙaramin bambanci a wajen karatu. Hausa ba ta jefar da "da", don haka jumla irin "the man we met yesterday is a tailor" takan rikita mai karatu, ya ga aikatau biyu bai ga abin da ya haɗa su ba.

Masana harshe Edward Keenan da Bernard Comrie sun wallafa wani nazari a 1977 a kan harsuna kusan 50, inda suka nuna cewa gina irin wannan ganga ya fi sauƙi idan sunan shi ne aikau, sai karɓau, sai wanda aka yi wa abu, sai wanda ya biyo bayan kalmomi irin su "with" da "in", sai mai mallaka. Sun kuma lura cewa harsuna sun fi barin wakilin suna a matakan ƙasa. Hausa ta dace da wannan bayani, kuma jerin yana ba malami tsarin da zai bi: ya fara da "the girl who came", ya ajiye "whose" da "with which" sai ƙafa ta kafu.

Waƙafi da ma'ana

Turanci yana raba gangar sifa gida biyu. Akwai mai fayyacewa, wadda idan babu ita ba a san wanda ake nufi ba, kuma ba a sa mata waƙafi. Akwai mai ƙarin bayani, wadda ake killacewa da waƙafi, kuma ba a fara ta da "that". "Kankara, which has deposits of kaolin, is in Katsina State" ƙarin bayani ne, domin an riga an san garin, zancen farar ƙasar da ake haƙowa a can ƙari ne kawai.

Misalin da aka saba bayarwa shi ne "my brother who lives in Funtua is a driver". Idan babu waƙafi, mai magana yana da 'yan'uwa da yawa, yana ware na Funtuwa. Idan aka sa waƙafi kafin "who" da bayan "Funtua", ɗan'uwan ɗaya ne tak. A gidajen yankin, inda yaro kan tashi cikin yayye da ƙanne goma ko fiye, siga ta farko ce gaskiya ga yawancin aji, kuma ɗalibai kan kama bambancin nan da nan idan aka tambaye su yayye nawa gare su. Haka ma kalmar "uncle", wadda ta tattara kawu da baffa wuri guda: Bature yana buƙatar gangar sifa ya faɗi abin da Bahaushe ya gama da kalma ɗaya.

Hausa ma tana da wannan rabo. "Audun da ya zo jiya" ya ware Audu ɗaya daga cikin masu sunan, "Audu, wanda ya zo jiya" kuwa ƙarin bayani ne.

Haɗa jumloli

Hanyar da aka fi sani a makarantu ita ce a rubuta ma'anar ganga a allo, a jero ire-irenta, ɗalibai su kwafa, sannan a ba su jumloli su ja layi a ƙarƙashin gangar ko su cike gurbi da "who" ko "which". Wannan yana taimakawa a tambayoyin zaɓi na jarrabawa. Abin da ba ya yi shi ne sauya yadda yaro yake rubuta insha'i. Ana samun ɗalibin da zai cike gurbi goma daidai, amma a shafi guda na rubutunsa babu gangar sifa ko ɗaya.

An daɗe da lura da wannan a wasu ƙasashe. A 1973 Frank O'Hare ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da 'yan aji bakwai a Amurka, sa'o'in 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Najeriya. Ya riƙa ba su gajerun jumloli suna haɗawa, ba tare da haddar sunayen nahawu ba, kuma rubutunsu ya fi na takwarorinsu tsawon jumla da inganci. Rahoton Writing Next na Steve Graham da Dolores Perin, wanda ya fito a 2007 bayan tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya sa haɗa jumloli cikin dabaru 11 da suke inganta rubutun matasa, ya kuma gano cewa koyar da nahawu shi kaɗai ba ya yin haka. Sai dai yawancin yaran da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su da Turanci suka tashi. Yaron Faskari ba shi da kunnen da zai gaya masa cewa "with it" ta yi yawa, saboda haka yana buƙatar a faɗa masa ƙa'idar a fili, a taƙaice, sannan a sa shi aiki da ita.

Ga misalin rubutun farko irin na ɗan aji biyu: "My uncle is a farmer. He lives in Faskari. He grows maize. He sells the maize at Sheme market. Traders come to the market. They come from many towns." Babu kuskure a ciki, amma jumla shida ne masu tsawo ɗaya, kamar ana ƙirga buhuna. Idan aka ce a haɗa, wani zai kawo: "My uncle who lives in Faskari is a farmer. He sells the maize that he grows at Sheme market." An samu ci gaba, an kuma samu sabuwar matsala, domin yanzu jumlar tana iya nufin a cikin kasuwar Sheme yake noman masarar. Gyaran shi ne a ɗauke kasuwar a kai ta gaba: "At Sheme market, where traders from many towns meet, he sells the maize that he grows." Irin wannan tuntuɓe yana da amfani a aji, domin dariyar da yake jawowa tana koyar da muhimmancin wurin da aka ajiye ganga fiye da yadda ma'anar da aka haddace za ta yi.

Akwai kuma wuce gona da iri. Ɗalibin da ya ɗanɗana daɗin "which" yakan jera ta sau huɗu a jumla ɗaya har babban aikatau ya ɓace. Raba doguwar jumla gida biyu shi ma aikin bita ne.

Bitar insha'i

Ire-iren insha'in da ake koyarwa a ƙaramar sakandare sun haɗa da na labari, na siffantawa, na bayani, na muhawara, da wasiƙu na zumunci da na hukuma. Al'adar da aka gada ita ce malami ya ba da batu, ɗalibi ya rubuta, malami ya duba da jan biro ya sa maki, ɗalibi ya kwafe kalmomin da aka gyara masa a ƙarƙashin kanun "Correction". Wannan gyaran kurakurai ne. Bita ta fi shi faɗi, domin tana tambayar ko mai karatu zai gane wanda ake magana a kai, ko wannan sakin layi ya kamata ya riga wancan, ko akwai abin da aka maimaita.

Nancy Sommers ta kwatanta ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20 a wani nazari na 1980. Ta gano cewa ɗalibai suna ɗaukar bita a matsayin musanya kalma da wata, ƙwararru kuwa suna sake fasalin zancen ne. Ta kasa ayyukan bita gida huɗu: sharewa, musanyawa, ƙarawa da sake jeri. Gangar sifa tana shiga cikin dukkansu, shi ya sa ta dace a fara koyar da bita da ita. Ɗalibin da aka ce masa "ka inganta rubutunka" bai san inda zai sa hannu ba. Wanda aka ce masa ya nemo wuri biyu da ya maimaita suna a jumloli maƙwabta ya haɗa su, ya sami aikin da zai iya gamawa cikin minti goma.

Malaman da suke bin wannan hanya sukan sa a riƙa tsallake layi a rubutun farko domin a sami wurin gyara. Sukan sa ɗalibi ya karanta wa na kusa da shi rubutunsa da ƙarfi, mai saurare ya tsayar da shi duk inda bai gane wanda ake nufi da "he" ko "it" ba. Maimakon gyara kowane kuskure, sukan sa alama a gefen layi, ɗalibi ya nemo da kansa, kuma a kowane zagaye abu ɗaya ake farauta, misali wakilin sunan da aka bari a baya. Masana ba su haɗu a kan amfanin jan biro ba: John Truscott ya rubuta a 1996 cewa gyaran nahawu a rubutun masu koyon harshe ba shi da fa'ida, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999 cewa zaɓaɓɓen gyara yana taimakawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya goyi bayan a cika shafi da ja a mayar wa yaro.

Matsaloli a yankin

Bita tana cin lokaci, kuma lokaci ne ya fi ƙaranci. Manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, amma cunkoso sanannen abu ne a makarantun gwamnati. A misali, malamin da yake da aji huɗu masu ɗalibai 70 kowanne, idan ya ba kowane insha'i minti biyar, zai shafe fiye da awa 23 a kan rubutu ɗaya. Idan ya nemi rubutu na biyu, aikin ya ninka. Wannan lissafi ne yake sa bita tsakanin ɗalibai da haɗa jumloli a allo suka fi dacewa da irin waɗannan azuzuwa, tunda ba sa buƙatar komai sai alli da littafin rubutu.

Rashin tsaro ya ƙara yanke zangon karatu. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗaruruwan ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar bayan harin, a shekarar da annobar korona ta riga ta rufe makarantun ƙasar tun watan Maris. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan ukun. Hare-hare a ƙauyuka sun tilasta wa iyalai da yawa ƙaura zuwa manyan garuruwa, abin da yake ƙara cika azuzuwan can. Idan zango ya gajarce, malami yakan yi gaggawar gama batutuwan nahawu da za su fito a tambayoyin zaɓi, rubutu na biyu kuwa shi ne abu na farko da ake yafewa.

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma malaman yankin da yawa sun fito ne daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina. Yawancinsu Hausawa ne, wanda hakan dama ce babba ga irin kwatancin da aka yi bayani a sama, duk da cewa a wasu makarantu har yanzu ana kallon amfani da Hausa a darasin Turanci a matsayin gazawa.

Alaƙa da jarrabawa

Tasirin abin da aka koya ko aka tsallake a ƙaramar sakandare yana fitowa ne bayan shekara uku. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana neman insha'in da bai gaza kalma 450 ba, mai maki 50: goma na ƙunshiya, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na ƙa'idojin rubutu. Iya haɗa jumloli iri-iri yana cikin kaso mafi girma, wakilin sunan da aka bari a baya da waƙafin da aka manta kuma suna zaftare maki daga na ƙarshe. A sashen fahimta ana ciro wani yanki daga nassi a tambayi sunansa na nahawu da aikinsa, kuma gangar sifa tana yawan fitowa a nan. Jami'o'in Najeriya, har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, suna neman kiredit a Turanci kafin su ɗauki ɗalibi.